Hurricane a tsohon hoto: kore ne ko launin hamada?

Mai Haɗa Samfuri: Salamu alaikum. Ina haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙi Hurricane, irin waɗanda sojan saman Birtaniya suka riƙa harhaɗawa a Takoradi da ke ƙasar Ghana ta yanzu daga 1940, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Hoton da nake dubawa baƙi da fari ne, launi biyu kawai nake gani a jikinsa. Kore da ruwan ƙasa ne irin na Ingila, ko ruwan ƙasa da ruwan yashi na hamada?

Tsohon Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka dubi fenti, fara gano fim ɗin. Dubi tambarin da'irar da ke gefen jirgin. In zoben waje, wanda rawaya ne, ya fito duhu, jan tsakiya ya zama baƙi ƙirin, shuɗin kuma ya yi haske, to fim ɗin otokromatik ne, wanda ba ya ganin ja. A irinsa Middle Stone, wato ruwan yashin nan, yakan yi duhu har ka rantse kore ne. Nan mutane da yawa suke faɗawa. In rawayar ta fito da haske, fankromatik ne, wato fim mai ganin dukan launuka, sai ka yarda da idonka: tazarar haske mai yawa tsakanin launukan biyu alamar hamada ce, domin Dark Green da Dark Earth, wato kore da ruwan ƙasa na Ingila, kusan duhunsu ɗaya.

Makanike: Ƙari a kan bayanin Malam: matatar iska ta Vokes mai tace ƙurar hamada, da ke ƙarƙashin hanci, ba hujja ba ce cewa launin hamada ne. An kai jirage da dama da matatar alhali suna cikin koren Ingila, sai daga baya aka shafe koren da Middle Stone. Ƙara girman hoton wajen lambar jirgin, kusa da wutsiya. Masu fenti sukan kewaye lambar, su bar ta a kan ɗan faci mai duhu na tsohon koren. In ka ga facin nan, an sake fenti ke nan.

Tsohon Mai Hoto: Haka ne. Tambarin ma yana faɗin lokaci: siririn zoben fari da siririn na rawaya daga tsakiyar 1942 suka fara. Launin ƙarƙashin jirgin ne mai wuyar ganewa, don inuwar fiffike tana ɓata shi. Auna shi da murfin taya inda rana ta haska.

Mai Haɗa Samfuri: Na gode ƙwarai. Zoben ya fito duhu, facin kuma yana nan. Middle Stone zan saya.