Muhawara: Dole sai an fara da jitar akwati kafin a taɓa ta lantarki?

Ɗan'auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan wata magana ta hana ni sayen jita. Kiɗan rok nake son koya, don haka tun farko raina na kan jitar lantarki. Sai wani da ya daɗe a harkar ya ce kada in kuskura, wai duk wanda bai yi shekara guda a kan jitar akwati ba, wato wadda ba a jona mata wuta, hannunsa ba zai taɓa nuna ba. Gaskiya ne, ko tsorata ni kawai yake yi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ƙanena, da rarrafe yaro kan tashi. Jitar akwati ba ta rufa wa kowa asiri. In ba ka danne tsirkiya da kyau ba, nan take za ta tona ka. Ita kuwa ta lantarki, ka murɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ta yi gurnani, sai ka ji kamar ka iya alhali shirme kake yi. Keith Richards, mai jitar ƙungiyar Rolling Stones, da kansa ra'ayinsa ke nan, a fara da ta akwati sannan a haura. Shahararren mai jitar nan Jimi Hendrix ma da ta akwati ya fara a 1958, sai a shekarar da ta biyo baya ya samu ta lantarki.

Mai Tsirkiya Shida: Yaya, Hendrix ai dala 5 aka sayi jitar nan. Rashi ne ya sa, ba tsarin koyo ba. Da ya samu ta lantarki ka ji ya ce a ajiye masa sai ya cika shekara?

Tsohon Hannu: Ko ma mene ne ya sa, a can hannunsa ya yi kanta.

Mai Tsirkiya Shida: To bari in yi magana a kan batun rufa asirin, don a nan ne na fi saɓa maka. Ni gani nake akasin haka ne. Jitar lantarki tana da maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Duk tsirkiyar da ta motsa, ko da kai ka taɓa ta ko iska ce, maganaɗisun zai ɗauka ya miƙa wa amfilifaya, ita kuma ta ninka shi. In ka ƙara gurnanin nan na rok, ɗan gogar yatsa a kan tsirkiya ma sai an ji shi. Saboda haka rabin aikin mai jitar rok ba kaɗawa ba ne, hana sauran tsirkiyoyi biyar yin magana ne yayin da ɗaya ke yi. Gefen tafin hannun dama yana kwance a gindin tsirkiyoyin, yatsun hagu da ba sa aiki suna tare na ƙasa. Wannan ba a koyonsa a jitar akwati, domin can sautin yana mutuwa da kansa. Na ga mutumin da ya yi shekara uku yana kaɗa ta akwati tsaf, ranar da aka miƙa masa ta lantarki sai ka ce an taka wutsiyar kyanwa.

'Yar Baba: Ni dai in ba da labarin kaina. An ba ni irin wannan shawarar, na bi. Sati shida na yi ina fama da kod ɗin F (kod shi ne haɗin sautukan da ake kaɗawa tare), yatsa ɗaya ya danne tsirkiya shida, ga zafi, ga sauti ba ya fita. Na jingine jitar bayan ƙofa kusan shekara biyu. Da na koma, da ta lantarki na koma, ranar farko aka nuna mini fawa-kod, yatsa biyu a kan tsirkiya biyu, kafin magariba ina bin waƙa. Yaya Tsohon Hannu, da ban koma ba fa, wace kanta hannuna zai yi?

Tsohon Hannu: Ƙanwata, sai an sha wuya ake shan daɗi.

'Yar Baba: Wuyar da ta kore ni daga abin gaba ɗaya? Kamfanin Fender ya taɓa bayyana cewa kashi 90 cikin 100 na masu fara koyon jita suna watsarwa a cikin shekarar farko. Masu sayar da jita ne fa ke faɗin haka. Ka ce kuma a ƙara wa mai koyo dutse a kai.

Na Gefe: Tambaya, don ni ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Me ya sa ta akwatin ta fi ciwo? Ba duk tsirkiya shida ba ce?

Mai Tsirkiya Shida: Shida ce, saitinsu ma ɗaya, E A D G B E, duk abin da ka koya na wurin ɗora yatsa a ɗaya yana aiki a ɗayar. Kaurin ne ya bambanta. Siririyar tsirkiyar jitar lantarki yawanci inci 0.009 ce ko 0.010, ta akwati kuwa 0.012. A ido ba wani abu ba ne, amma ƙarfin jan da ke kan wuyan ta akwati ya kusa ninka na ta lantarki. Dole ce ta sa, tunda ba ta da amfilifaya, tsirkiyar ce za ta girgiza katakon har sauti ya fito. Ga kuma tsirkiya ta uku, G, a ta akwati naɗaɗɗiya ce, a ta lantarki sumul take. Shi ya sa tura tsirkiya sama don sauti ya yi kuka, wanda shi ne gishirin rok, yake da sauƙi a nan, can kuwa sai ka ji kamar farcenka zai cire.

Malam Bita: Ku bari in kawo Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath, tunda ana ta maganar ƙarfin yatsa. Yana ɗan shekara 17 injin yanka ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama a wata masana'anta a Birmingham, kuma bahago ne, wato hannun da yake danne tsirkiya da shi ke nan. Ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya nemi tsirkiyoyi marasa kauri har da na banjo, daga baya ya sassauta saitin jitar ya yi ƙasa. Nauyin sautin Black Sabbath da ake ta kwaikwayo har yau yana da nasaba da wannan sassautawar. Mutumin nan ya hau dandamali ranar 5 ga Yulin 2025 a filin Villa Park, wasansu na bankwana, sati biyu da 'yan kwanaki kafin rasuwar mawaƙinsu Ozzy Osbourne. Fiye da shekara hamsin yana kiɗa da yatsun da ba za su jure jitar akwati mai tauri ba. In ƙarfin yatsa ne sharaɗi, da tun 1965 an sallame shi.

Tsohon Hannu: Malam, ka kawo mutum ɗaya cikin miliyan. Kuma ku duka kun maƙale a hannun hagu. Ni damuwata hannun dama ne, mai riƙe bugu. Yaran yanzu suna fara da lantarki, wata uku suna neman gudun yatsa irin na Eddie Van Halen, amma ka ce su riƙe bugu ɗaya na minti uku ba tare da sun yi gaba ko baya ba, sai ido ya raina fata. Jitar akwati ba ta da abin wasa, ba maɓalli, ba abin takawa. Kai ne da bugunka.

Malam Bita: A nan kam ka taɓo gaskiya. Na sha ganin mai koyo ya ɓata awa guda yana murɗe-murɗen sauti, minti goma yana bita. Amma wannan laifin mai koyo ne ko na jita? Van Halen ɗin da ka ambata ai da fiyano ya fara, ya koma ganga, sannan suka yi musanya da yayansa Alex. Bugun nasa daga can ya taho da shi.

Mai Tsirkiya Shida: Sannan akwai abin da ba ya fitowa sai da wuta. Ka kaɗa cikakken kod mai sauti uku ko huɗu cikin gurnani mai yawa, sautukan za su cakuɗe su zama taɓo. Fawa-kod kuwa sauti biyu ne kacal, tushe da wanda yake na biyar daga shi a jerin sautuka, shi ya sa yake fita garau komai gurnani. A jitar akwati fawa-kod abin tausayi ne, siriri kamar bai ci abinci ba. Yaro zai yi shekara bai ma gane dalilin da ya sa ake yinsa ba. Dave Davies na The Kinks reza ya sa ya tsaga fatar lasifikarsa a 1964 don neman wannan amon. Amon ai yana cikin kayan kiɗan.

Na Gefe: Maƙwabta fa? Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan.

'Yar Baba: Ita ce ma ta fi rufin asiri da dare. Ka jona abin sawa a kunne, ko ka kaɗa ta ba wuta, na ɗakin kusa ba zai ji ba. Ta akwati ce ba ta da inda ake rage mata murya.

Ɗan'auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina ganin ta lantarkin zan saya. Yaya Tsohon Hannu, a yi mini afuwa.

Tsohon Hannu: Kuɗinka ne, ƙanena, ni ban sauka daga kan bakana ba. Amma ga sharaɗi. Kullum minti ashirin na farko ka kashe gurnanin ƙurmus, ka kunna na'urar ƙirga bugu a kan bugu 60 a minti ɗaya, ka bi ta. Bayan wata uku ka naɗo mana minti uku a haka, ba gyara, ba yanke-yanke. In bugunka bai zame ba, zan janye maganata a gaban kowa.

'Yar Baba: Na ajiye hoton wannan saƙon, Yaya, kada ranar ta zo ka ce waya ce ta rubuta.

Ɗan'auta: Na karɓa. Amma 60 ɗin nan, bugu ɗaya kaɗawa ɗaya ne ko biyu?

Tsohon Hannu: Ka ji ko? Biyu, ƙasa da sama. Sayo jitar tukuna.