Wai man ƙarƙashin teku yana sasanta maƙwabta?

Malam Habu: Ni a ganina, idan aka gano mai ko gas a tekun da ƙasashe biyu ke jayayya a kansa, kwaɗayin kuɗin ne ke tilasta musu sulhu. Isra'ila da Labanon ba sa ga-maciji, amma a Oktoban 2022 suka amince da iyakar teku bayan Amurka ta shiga tsakani. Filin gas na Karish ya zama na Isra'ila, Labanon ta samu damar haƙa a filin Qana.

Injiniya Sale: Malam, ka tsallake Yulin shekarar, lokacin da Hizbullah ta tura jirage uku marasa matuƙa wajen Karish, aka harbo su. Ka tuna da ma'aikacin da ke kwana a kan dandamalin haƙar gas ɗin, ruwa ta ko'ina, ba wurin gudu. A Fabrairun 2018 kuma jiragen ruwan yaƙin Turkiyya sun tare jirgin haƙa Saipem 12000, wanda kamfanin mai na Italiya, Eni, ya ɗauko don aiki a gaɓar Saifurus. Ya yi kusan mako biyu cirko-cirko, ya juya. Hayar irin wannan jirgi dubban ɗaruruwan daloli ce kullum, ko ya haƙa ko bai haƙa ba.

Barista Zainab: Injiniya, akwai kotu fa. Ghana da Kwaddibuwa sun je kotun dokokin teku da ke Hamburg kan iyakarsu ta teku. A 2015 aka hana Ghana haƙa sababbin rijiyoyi a yankin da ake jayayya a kansa, a Satumban 2017 hukunci ya fi karkata gare ta, kamfanin mai na Tullow ya ci gaba da aiki. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

Hajiya Rabi: Don duk su biyun sun yarda da alƙalin ne, ƙanwata. Kenya ta yi fatali da hukuncin kotun duniya na 2021 kan iyakarta da Somaliya. Kamfanin mai na Repsol kuwa, lasisinsa na Biyetnam bai hana a ce ya dakata a 2017 da 2018 ba, saboda matsin lambar Sin. Takarda ba ta tare jirgin yaƙi.

Malam Habu: To Malesiya da Tailan fa, Hajiya? Tun 1979 suka ajiye batun iyaka gefe, suka ce a raba ribar mai da gas ɗin yankin biyu.

Injiniya Sale: Gas ɗin bai fara fitowa ba sai 2005. Wane mai hannun jari ne zai yi wannan jiran?

Hajiya Rabi: Kuma ka bar Gayana a baya, Malam. Rigimarta da Benezuwela kan yankin Essequibo tsohuwa ce, amma tana kwance-kwance har ExxonMobil ta gano mai a 2015. A Disamban 2023 sai ga Benezuwela da ƙuri'ar raba gardama kan mallakar yankin. A nan man ne ya fama tsohon miki.

Malam Habu: Amma har yau ana lodin ɗanyen man Gayana, Hajiya.

Barista Zainab: Ana lodi, shari'ar Essequibo kuma an kai ta kotun duniya da ke Heg.