Wa ya taɓa shiga tsibiran Bijagos na Gine-Bisau?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum jama'a. Aiki zai kai ni Bisau a watan Oktoba, kuma zan samu kwana biyar na kaina. An ce mini a cikin teku akwai tsibirai 88, har da dorinar da ke shiga ruwan gishiri. Ni dai dorinar kogin Kwara na sani. Wanda ya taka wurin da ƙafarsa ya ba mu labari, don Allah.

Tsohon Soja: Wa alaikumussalam ɗana. Na zauna Bisau lokacin rundunar ECOWAS da aka kai a 2012, kuma na tsallaka sau biyu. Abu na farko, cire agogonka ka sa a aljihu. A can ruwa ne ke yanke lokacin tafiya. Sau biyu a yini yake cikowa ya janye, in ya janye sai ka ga inda jirgi ya bi ɗazu ya koma fili na laka, tsuntsaye na kiwo a kai. Daga Bisau zuwa Bubake, babban garinsu, mun yi kusan awa biyar. Wajen komowa mun yi gardama da mai kwale-kwale, muka matsa masa ya tashi, shi kuma ya biye mana saboda kaki. Rairayi ya riƙe mu a tsakiyar hanya, muka zauna cikin rana har ruwa ya dawo. Bai ce mana uffan ba, ya dai fito da kifinsa ya ci.

Ɗan Damagaram: Allah sarki Baba, an gode. Kuɗi fa?

Mai Kashu: Kai da kake Nijar ba ruwanka da canji, sefa ɗaya muke kashewa da su. Amma ka ciro tsabarka tun daga Bisau. Ni sayen kashu ke kai ni, wajen watan Mayu, na biya kuɗin mai har tsibirin Orango don ganin dorina, ban ga ko kunnenta ba. Tafkin da suke zama ya ja baya, sai sawu kawai a busasshiyar laka. Mai kwale-kwalen ya san ba lokacinsu ba ne, ya yi shiru ya karɓi kuɗina. Kai ka dace da watan Oktoba.

Maman Ilham: Ni na gan su, ƙarshen Oktoba, a tafkin Anor da ke Orango. Daga inda aka sauke mu sai da muka yi tafiyar ƙasa mai ɗan nisa cikin ciyawa da ta kai ƙugu, ga matsattsaku a ƙasa, don haka ka sa doguwar safa. Jagoranmu ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Da farko duwatsu na zata, sai ɗaya ta hura ruwa ta hanci, ta kaɗa kunne. Abin da ya tsaya mini shi ne hirar da muka yi da wata tsohuwa ta bakin tafinta. Ta ce dabbar nan mai alfarma ce a wurinsu, ba a kashe ta, amma a dare ɗaya tana iya cinye gonar shinkafar da gida zai ci shekara. Da can kwana suke yi a gona suna buga gwangwani. Yanzu an zagaye wasu gonakin da waya mai lantarki na hasken rana. Mu mun zo kallo, ita kuwa maƙwabciyarta ce.

In ka samu lokaci ka shiga ƙauyen Etikoga a Orango, nan kabarin sarauniyarsu Okinka Pampa yake, wadda ta rasu a 1930.

Ɗalibin Halittu: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni Poilao na kwana uku tare da ma'aikatan IBAP, hukumar da ke kula da gandun dajin ƙasar. Tsibiri ne ɗan ƙarami, babu gida ko ɗaya, amma babu inda koren kunkurun teku ke taruwa yin ƙwai a Afirka kamar nan. Ba a sauka sai da izini. Da dare ba a haska farar fitila, sai ja, don farin haske na sa uwar ta fasa ta koma ruwa.

Na tsuguna a bayan wata uwar kunkuru tana haƙa da ƙafafun baya, tana ɗebo rairayi kamar da ludayi, hagu sannan dama, tana nishi kamar mutum. Ƙwai fiye da ɗari ta zuba, ta rufe, ta ja jiki ta tafi ba waiwaye. Bayan wata biyu 'ya'yan ke fitowa, kuma zafin rairayin ne ke sa su zama maza ko mata: in ya yi zafi sosai mata sun fi yawa. Wasu iyayen da aka liƙa wa na'ura an bi su har gaɓar Muritaniya.

An mai da wurin gandu a 2000, amma tun kafin nan mutanen tsibirin Kanyabake sun haramta zubar da jini a kansa, ko na dabba, kuma ba a gini. A ganina wannan hanin ne ya bar mana kunkurun har gwamnati ta zo ta same su.

Tsohon Soja: Haka ne. Wani yaronmu ya karyo reshe a wani daji da aka ce kar a shiga, sai da muka je wurin dattawa ban haƙuri. Ka tambaya kafin ka taka ko'ina, kafin ka ɗauki hoton kowa.

Ɗan Damagaram: Na gode ƙwarai. Kwana biyar zai ishe ni Orango da Poilao duka?

Ɗalibin Halittu: Da wuya, yaya. Poilao na can ƙarshen kudu, man jirgi kaɗai zai cinye maka aljihu in ba ku haɗa kuɗi da wasu ba. Zaɓi ɗaya.

Maman Ilham: Kuma ka bar kwana guda a banza don komowa. Ka tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi. Ni jirgina na sama ya tashi ina zaune a bakin ruwan Bubake ina jiran iska ta kwanta.