Na'urar sauti ta ƙi ba ni gogayyar ruwa a jikin bututu, a taimaka

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana makanikan ruwa ku kawo min ɗauki, sati uku kenan ina fama da abu ɗaya. Ina so in auna ƙarfin gogayyar da ruwa ke yi da bangon bututu lokacin da yake gudu a hargitse, faɗin bututun milimita 50 ne, lambar Renolds (wadda ke nuna ko gudun ruwa a natse yake ko a hargitse) wajen 40,000, kuma ina amfani da na'urar sautin Dofla (mai auna saurin ruwa ta amsa-kuwwar sauti) mai yawan kaɗawar sauti megahaz 4. A tsakiyar bututu komai lafiya lau, amma da na matso kusa da bango sai amsa-kuwwar bangon ta danne siginar gaba ɗaya, layin da ke kan allon kwamfuta ya dinga tsalle.

Da na yi lissafi, siririn shimfiɗar nan da ruwa ke tafiya a natse a jikin bango bai wuce milimita 0.12 ba, alhali tsawon zangon sautin a ruwa kusan milimita 0.37 ne, to ta yaya ma na'urar za ta gan shi? Faɗuwar matsin ruwa a tsawon bututun da lissafin Blasiyus (ƙa'idar ƙiyasta gogayya a bututu) duk sun ba ni ƙarfin gogayyar wajen faskal 1.8 (faskal ma'aunin matsi ne), na'urar kuwa kullum ƙasa take kawowa.

In ɗaga yawan kaɗawar sautin zuwa megahaz 8 ne, ko in haƙura da bango in bi hanyar Kilawza, wato ƙiyasta gogayyar daga saurin ruwan da aka auna nesa kaɗan da bango? Wanda ya taɓa gwadawa don Allah ya faɗa min kusurwar da ya ɗora na'urar.