TFA a ɗakin gwaji: ranar da ya zuba muku, yaya kuka yi?

Mai kula da ɗakin gwaji

Assalamu alaikum 'yan uwa. An turo mana sabbin ma'aikata, kuma na lura duk sun raina TFA, wato asid mai ƙarfi da ake kira trifluoroacetic acid, saboda abin da suke gani a jikin kwalbar ruwan HPLC (na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur) shi ne kashi 0.1 cikin ɗari. To amma kafin a samu wannan 0.1 ɗin sai wani ya buɗe kwalbar zallarsa ya ɗebi mililita 1 ya zuba a lita guda. Waɗannan 'yan daƙiƙun su ne ke tayar mini da hankali. Na karanta musu takardar SDS, wadda ke bayanin haɗarin sinadari da matakan kariya, sun gyaɗa kai, amma na san bai shige su ba. Don Allah duk wanda asid ɗin nan ya taɓa zubar masa, ko ya gani da idonsa, ya faɗa mana yadda aka yi. Labarin wanda abin ya faru a gabansa ya fi takarda shiga kunne.

Mai aikin HPLC

Wa alaikumus salam Malama. Ni matsalar da na fi gani ita ce fifet, wato abin da ake zuƙar ruwa da shi a auna ɗan kaɗan. TFA yana tafasa ne a digiri 72 kacal, ruwa kuwa sai 100, don haka da ka zuƙe shi tururinsa ke cika iskar da ke cikin fifet ya riƙa turo ruwan waje. Ga shi da nauyi, mililita guda ta kusa giram 1.5. Kana ɗago hannu daga kwalba sai ka ga ɗigo ya taru a bakin tsinin, kafin ka kai inda za ka ya faɗi. A gabana irin wannan ɗigon ya sauka a bayan hannun wani abokin aikinmu, ba gaggawa yake yi ba, ba kuma wasa yake yi ba. Tun daga nan muka koma sirinjin gilashi, ko ampul, wato 'yar kwalbar gilashi da aka liƙe bakinta, mai mililita 1 da ake sayarwa musamman don wannan aikin. In dole sai da fifet, a zuƙa a mayar sau da dama tukuna don iskar ciki ta ƙoshi da tururin, sannan a matso da kwalbar da za a zuba ciki dab da ta asid ɗin, duk a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Kuma fifet ɗin da ake yawan yi wa haka ba ya daɗewa, ƙarfen cikinsa tsatsa yake yi.

Ɗaliba mai haɗa feftaid

Ni kam ya taɓa ni, tabon na nan a wuyan hannuna na hagu.

Mu a aikinmu ba ɗigo muke amfani da shi ba. In za a ciro feftaid, wato ɗan guntun furotin, daga jikin ƙwayoyin robar da aka gina shi a kai, haɗin da ake zubawa kashi 95 cikin ɗari TFA ne, sauran ruwa ne da wani sinadari ɗan kaɗan. Wani lokacin kuma ana gauraya shi da DCM (dichloromethane), wani ruwan narkar da sinadarai, kuma wannan haɗin ne ya same ni. Ina sanye da farar rigar aiki, da tabaran kariya, da safar hannu ta naitiril, siririyar nan da kowa ke sakawa. Ina tacewa sai ɗan fantsami ya sauka a kan safar, daidai wuyan hannu. Ban ji komai ba a take sai ɗan sanyi, kuma safar ba ta huje ba, ko launi ba ta canza ba. Na ajiye abin da ke hannuna, na ja gilashin akwatin ƙasa, ina shirin cire safar sai na ji kamar an ɗora mini garwashi. Da na zare ta na tarar wurin ya yi fari fat, gefensa ja.

Daga baya shugaban aikinmu ya yi mini bayani. DCM yana ratsa siririyar naitiril cikin ƙanƙanin lokaci, ya ja asid ɗin su shige tare. Da sun shiga kuma safar ce da kanta ke riƙe su a jikin fata, ba damar su bi iska. Wato wadda ka saka don ta kare ka ita ke danne maka shi.

Abin da ya taimake ni shi ne wata Yaya da muke aiki tare. Ta ja ni famfo, ta cire mini agogo, ta tsaya a kaina tana duba lokaci. Bayan kamar minti uku na ce zafin ya ragu, ta ce ko kusa, sai an cika minti 15. Hannuna har ya sandare don sanyi amma ba ta bar ni na janye ba. A asibiti likita ya ce wankin nan ne ya hana ƙunar nutsewa. Duk da haka wurin ya yi bororo, ya kuma ɗauki makonni kafin ya rufe. Yanzu safa biyu nake sakawa, in aikin mai yawa ne na ɗora mai kauri a sama, kuma ko ɗigo ya taɓa ta waje cire ta nake yi kafin na taɓa komai. Ina kuma jawo bakin safar ya hau kan hannun riga, don tazarar nan da ke tsakaninsu ita ce fantsami ke samu idan an miƙa hannu.

Sabon ma'aikaci

Sannu Yaya, Allah ya kiyaye gaba. Tambaya gare ni: tunda akwai fulorin a cikinsa, ba a shafa man kalsiyam gulukonet ɗin nan da ake ajiyewa saboda HF, wato haidurofulorik asid? A inda na yi horo haka aka ce mana.

Tsohon malamin kimiyyar sinadarai

Ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma mutane da yawa na haɗa su. HF yana sakin fuloraid a cikin jiki, shi kuma ya kama kalsiyam ɗin jini da na tsoka, shi ya sa ƙuna kaɗan ke iya taɓa bugun zuciya, shi ya sa kuma ake ba da kalsiyam. A TFA fulorin ukun a ɗaure suke tam da kabon, ba sa sakuwa. Aikinsu shi ne su janye lantarki su ƙara wa asid ɗin kaifi. Ka ɗauki asetik asid, ka maye haidurojin uku da fulorin, shi ke nan ka samu TFA, wanda Frédéric Swarts ɗan ƙasar Beljiyam ya fara haɗa shi a 1922. Lambar pKa, wadda ƙanƙantarta ke nuna ƙarfin asid, ta asetik 4.76 ce, ta TFA kuwa ba ta kai 1 ba, wato ya fi shi ƙarfi sau dubbai. Saboda haka ƙunarsa ƙunar asid mai ƙarfi ce, kuma ruwa ne maganin farko. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya tafi neman man shafawa a kabad alhali fatarsa na ci. A fara da famfo, a tafi asibiti da takardar SDS a hannu, likita ya yanke sauran.

Ma'aikaciyar jinya

Baba ya gama magana. Ƙarin da zan yi daga abin da muke gani: kada a zuba baikabonet a fata ko a ido da sunan kashe asid. Na taɓa karɓar wanda abokan aikinsa suka yi masa haka da kyakkyawar niyya, lokacin da ya kamata a ce ruwa na gudu a wurin ya tafi wajen kwaɓa gari. Baikabonet na asid ɗin da ya zube a tebur ne ko a ƙasa. A cire zobe, agogo da rigar da ta jiƙe tun ana cikin wankin. In ido ne, wani ya buɗe masa fatar idon da yatsu, domin shi da kansa ba zai iya ba, kuma ko ya ce ya ji sauƙi sai likitan ido ya duba. Wanda ya shaƙi tururin yana tari shi ma a kai shi, don wahalar numfashi na iya zuwa bayan sa'o'i.

Mai gyaran na'urori

Ni ban taɓa ɗiban TFA da hannuna ba amma ya sha gaishe ni. Masu busar da samfur a rotabaf, na'urar da ke mayar da ruwan samfur tururi ta zuƙe shi, sukan manta cewa asid ɗin da ya bar tulun gilashinsu bai ɓace ba, yana can ya taru a tarkon sanyi, inda ƙanƙara ke kama tururin kafin ya kai injin zuƙe iska. In ƙanƙarar ta narke sai ya zauna a matsayin ruwa garau, ba alama ba rubutu. Wata rana an kira ni injin zuƙe iska ya daina ja, ina zare tiyo tururi ya bugi fuskata, hawaye da tari nan take. Da na buɗe injin, duk wani ƙarfe da ke ciki ya ci. Roƙona ga masu bincike: wanda ya busar da TFA ya juye tarkonsa da kansa a ranar, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. In ba hali ya manna takarda. Ku duba kabad ɗin da kuke ajiye kwalbar ma. In kun ga maƙalan ƙofa sun yi tsatsa ko rubutun kwalaben da ke kusa ya koɗe, murfin ne ba ya rufuwa da kyau.

Mai kula da ɗakin gwaji

Na gode ƙwarai, zan sa su karanta duka. Malam mai gyara, ka tuna mini ban taɓa duba tarkonmu da wannan idon ba. Akwai wanda ya san ɓangaren zubarwa?

Jami'in kula da sharar sinadarai

Ga ni Malama. Kada ya shiga magudanar ruwa, ko da na 0.1 ɗin ne. Ɗaurin fulorin da kabon da Baba ya ambata shi ke hana shi ruɓewa a muhalli, har ana samunsa a ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Jamus ta sa masa ma'aunin maikurogiram 60 a litar ruwan sha.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro a aikina shi ne jarkar da kowa ke juye abin da ya ga dama. Na taɓa zuwa ɗauka na tarar da jarka ta kumbura har gindinta ya daina zama daidai a ƙasa. Da aka bi diddigi, wani ya zuba ragowar TFA, wani ya zuba ruwan baikabonet da ya wanke samfur da shi, na ukun ya zo ya ɗaure murfi. Iskar kabon dayoksaid ce ta taru. Mun sassauta murfin a hankali a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, fuska a rufe, kuma Allah ya taƙaita. Da sodiyam azaid ne a ciki, wanda masu aikin furotin ke sakawa kaɗan a ruwansu don kada ya lalace, da iska mai guba ce za ta fito. Haka bilic, haka duk wani abu mai sayanaid ko salfaid. TFA ya samu jarkarsa shi kaɗai ko tare da ruwan HPLC ɗin da ya fito da shi, ta roba mai kauri ko gilashi, ban da ta ƙarfe, a rubuta sunansa cikakke da kimanin yawansa.

In kuma ya zube a tebur kaɗan ne, a kewaye shi da garin baikabonet daga gefe zuwa tsakiya, a jira kumfar ta kwanta, a gwada da takardar pH, mai nuna ko da sauran asid, kafin a kwashe. Abin da aka kwashe ɗin a bar murfinsa a sassauce cikin akwatin har washegari, sannan a ɗaure a kira mu.