"Tafiya sannu sannu kwana nesa": tana aiki a kan tirela kuwa?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama zaman yaron mota, maigidana ya danƙa min makullin tirela ƙirar DAF, zan fara jigila daga Kano zuwa Legas. Da zai sallame ni, abin da ya ce kawai shi ne "tafiya sannu sannu kwana nesa". Ni kuma na san mai kaya ba ya ƙaunar jin kalmar sannu. Me ake nufi da ita takamaimai?

Baba Na Tafa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa ka fara a sa'a, ya tsare hanya. Nufinta, wanda bai yi garaje ba shi dare ke riska ya yi nisa. Fataken da suke zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yanzu, sayo goro watanni suke yi a hanya, kuma sun san wanda ya gallabi jakinsa ranar farko, kwana uku ba za a yi ba zai koma ɗaukar kayan da kansa.

Na Kayan Gwari: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni ban ɗauke ta haka ba. Ina ganin gargaɗi ce ga mai nawa: ka yi ta sannu sannu, ka kwana nesa da inda za ka. Ga 'yar uwarta ma, "sannu ba ta hana zuwa", mutane sai su yanke ta a nan, alhali ƙarashenta "sai dai a daɗe ba a je ba". A ɗora maka kwandunan tumatir a kasuwar Kwanar Gafan ta Kano, kasuwar Mile 12 ta Legas za ka, tafiyar kusan kilomita 1,000. Ka ƙara kwana ɗaya a hanya ka ga yadda ruwa zai riƙa ɗiga ta ƙasan bodi. Masu shanu ma haka, saniya ɗaya ta gaji ta kwanta, sauran su tattake ta.

Malamar Hausa: Na Kayan Gwari, lafazin zai iya ɗaukar fassararka, sai dai ba a wannan muhallin ake faɗarta ba. Ana faɗa wa mai koyon sana'a ko mai tara jari ne don ya kwantar da hankali. Mai nawa kuma akwai nasa maganganun daban.

Baba Na Tafa: Ɗana, ku yara kuna auna sannu da allurar mita, shi ya sa. Sannun babbar mota a bakin gangara take. Tun kafin ka fara sauka za ka zaɓi ƙaramar giya, injin ya riƙe maka kayan. In ka shiga da babbar giya kana ta dannar birki kana saki, iska za ta ragu a tanki, birkin ya ɗau zafi har ka ji ƙauri, ka taka ka ji ba kowa. A lokacin ko ka nemi giyar ba za ta shiga ba. Masu sakin mota a firi, wato ba giya, don su rage shan gas kuwa, ban san me zan ce musu ba, lita nawa ce za ta biya rai?

Sannan duk inda ka tsaya shan shayi, zagaya motar tukuna. Ka bubbuga tayoyi, ka kai bayan hannu kusa da kowane wili ka ji wanda ya fi sauran zafi, ka duba notuna, yaro ya sa weji ya tokare taya. Minti goma ne. Wanda ya ƙi ba da minti goman nan shi za ka wuce tsakanin Mokwa da Jebba ya karya ganye ya jera a titi, yana jiran bakanike daga Ilorin. To tsakaninku wa ya kwana nesa?

Direban Tanka: Mu namu ma ya fi tsanani, don man da muka ɗauko motsi yake yi a cikin tanki, ka sha kwana da gudu ya tura ka gefe. Kowa ya ji abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, da mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, tanka ta faɗi jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi. Doka ma kilomita 60 a awa ta yanke wa tanka da tirela a babban titi, kuma tun 2017 jami'an kiyaye haɗurra suke neman na'urar taƙaita gudu.

Na Kayan Gwari: Duk na yarda da zancen giya da birki. Amma a gaya wa yaron nan gaskiya, kayan gwari da siminti ba ɗaya ba ne.

Baba Na Tafa: Ba ɗaya ba ne, shi ya sa mai tumatir yake tashi da wuri, yake rage zaman hira a Mararrabar Jos, in da hali ya tafi da direba na biyu. A nan ake cin lokaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗiyi ƙwaya don a hana ido barci. Ido na buɗe, mutum ya tafi. Daga ƙarfe biyun dare zuwa asuba, in ka ji ka fara murza fuska kana ƙara sautin rediyo, nemi inda 'yan uwa suka yi fakin ka kwanta. Kada ka tsaya kai kaɗai a daji.

Ɗan Apapa: Ni dariya ma abin yake ba ni. Mutum ya kashe kansa da gudu tun daga Kaduna, ya zo Ogere da ke kan hanyar Ibadan zuwa Legas ya huta, ya shigo Legas ya tarar sai an kira lambarsa a tsarin Eto, na kiran manyan motoci bi da bi, kafin ya doshi tashar jiragen ruwa. Zafin nema ba ya kawo samu. Sabon Hannu, kafin ka zaɓi hanyar Birnin Gwari ko ta Lokoja, tambayi waɗanda suka fito yau, ba na makon jiya ba.

Sabon Hannu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura guda: mai kaya in ya dame ni da kira fa?

Baba Na Tafa: Tun a wurin lodi ka faɗa masa ranar da za ka isa, ka ƙara rabin yini a kan lissafinka. In kun hau titi miƙa wa yaronka wayar, ya riƙa gaya masa garin da kuka wuce.