Me ya sa `git commit` ke jan ƙafa alhali shafi ɗaya na gyara?

Habu_Samaru

Salamu alaikum. Muna aikin juya tsofaffin takardun ajami zuwa rubutun boko a kwamfuta, kowane shafi da fayil ɗinsa, kuma duk an jibge su a folda ɗaya mai suna `shafuka`. Yanzu sun kai wajen dubu sittin. Ko wasali ɗaya na gyara, `git commit` sai ya tsaya ya yi ta nazari. An ce Git, manhajar da muke adana tarihin fayilolin da ita, yana da ma'ajiyar bishiya a cikin indeks wadda ke hana shi maimaita aiki. To ina amfaninta ke nan? Kwamfutar dai tsohuwa ce, ta hannu na saya a PZ, da Windows a kanta, amma ban yarda duk laifinta ba ne.

Malam_Kongo

Wa alaikumus salam, Habu. Ma'ajiyar tana nan, tsarin foldarka ne ya ɗaure mata hannu.

A cikin `.git/index`, wato indeks ɗin da ke riƙe da abin da za a ajiye, bayan jerin fayiloli, akwai wani ƙari mai alamar TREE. Junio Hamano ne ya saka shi a 2006, shekara guda bayan Linus Torvalds ya fara Git. Ga kowace folda yana riƙe da yawan fayilolin da ke ƙarƙashinta, da yawan ƙananan foldojinta, da lambar shaida (SHA-1) ta bishiyarta, wato jerin abin da ke cikin foldar. In an zo ajiye aiki, foldar da lambarta ke nan ba a sake lissafa ta, ɗauka kawai ake yi. Da ka yi `git add` a kan `a/b/c.txt`, Git zai soke `b`, ya soke `a`, ya soke tushe, wato babbar foldar aikin: ya rubuta -1 a gurbin adadi, ya yar da lambar. Maƙwabtansu ba abin da ya shafe su. Kamar buhunan masara ne a kasuwar Sabon Gari, wanda aka ɗinke aka rubuta nauyinsa ba a mayar da shi kan sikeli, sai wanda aka farke.

Kai kuma buhunka ɗaya ne. Kowane layi a bishiya yana ɗauke da izinin fayil, da sunansa, da bait 20 na lamba. Ka ce bait arba'in da 'yan kai. Sau dubu sittin, ya kusa megabait biyu da rabi. Wannan Git zai sake ginawa, ya matse, ya rubuta sabo duk lokacin da ka taɓa wasali ɗaya, kuma lambobin ba sa matsuwa sosai. Abin da ya fi cin lokaci ma, yayin ginin sai ya tabbatar kowane fayil da ke cikin foldar yana nan a rumbunsa, ɗaya bayan ɗaya. In ka daɗe ba ka yi `git gc`, mai tattara su wuri ɗaya, ba, a warwatse suke, kowanne sai an leƙa faifai.

Ka raba foldar. Git da kansa haka yake yi a `.git/objects`: haruffa biyun farko na lamba su ne sunan folda, ya samu gida 256. Kai ba sai ka bi lamba ba, ka bi littafi-littafi. Folda 300 masu shafi 200 kowacce, gyara ɗaya zai taɓa layi 200 na foldarsa, da 300 na uwar foldar, da tushe. Yi da `git mv`. Kada ka ji tsoron rumbu zai ninka, tunda abin da ke cikin fayilolin bai canza ba, lambobinsu na nan yadda suke.

Maryam_TudunWada

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni ba zan sa shi ya kwashe fayil dubu sittin ba tukuna bai auna ba. A Windows sau da yawa ba bishiya ce ke cin lokacin ba, duba fayilolin kan faifai ne ɗaya-ɗaya don a ga wanda ya canza, ga manhajar kare ƙwayar cuta tana bin kowanne a baya.

Habu, buɗe Git Bash ka rubuta `GIT_TRACE2_PERF=1 git commit -m gwaji`. Nemi layukan `cache_tree`, ka kwatanta lokacinsu da na sauran. In sauran ne suka rinjaya, kunna `core.fsmonitor`, mai sa ido kan fayilolin da suka canza don kada a duba duka, sannan `feature.manyFiles`, mai mayar da indeks zubi na 4 ya kuma kunna ma'ajiyar fayilolin da ba a bin sawunsu.

Tambaya ɗaya: akwai mai goge `.git/index` a cikinku? Na ga masu yin haka da sunan gyara. Yana tafiya da TREE ɗin da duk bayanan lokacin fayiloli, sai Git ya karanta komai daga farko.

Habu_Samaru

Anti Maryam, ba mai gogewa. Na auna, kuma ku biyun duk kun yi gaskiya. Bayan fsmonitor `git status` ya zama nan take, amma layin `cache_tree` bai ragu ba, shi ya rage yanzu. Zan raba. Damuwata tarihin kowane shafi, kada ya yanke.

Malam_Kongo

Ba zai yanke ba. Yi kwashewar ita kaɗai a ajiya guda, kada ka haɗa ta da gyaran ko harafi ɗaya, don Git ya gane sauyin wuri ne zalla. Daga nan `git log --follow` zai bi shafin har tsohon gidansa. Ka kuma sa abokan aikinka su turo duk abin da ke hannunsu kafin ka fara.